Shaidu a Kan Gilashi

Ƙarfe goma sha ɗaya na dare.
Janareta na tari a bayan ɗakin gwaji,
ni da kwalba mai lamba ɗari huɗu da tara:
Tabawa Ilu, shekara hamsin da takwas, Gwammaja.
An zuƙe mata ruwan ciki lita shida.
Likitan tiyata ya yanko abin da bai fi ƙwayar wake ba,
ya rubuta a gurguje:
daga gidan ƙwai ƙarin ya taso,
ko tantanin cikin ne ya yi tawaye?

Na binne tsokar a kaki,
na fere ta, ta fi bawon albasa sirantaka,
na shimfiɗa a gilashi.
A ƙarƙashin madubi cututtukan biyu kamar an tsaga kara,
kowanne da 'yan yatsunsa, kowanne da rassa.
Amma kama da wane ba ta wane,
kuma maganin wannan ba shi ne na wancan ba.

Babana marini ne a Ƙofar Mata.
Hannunsa shuɗi har ranar da aka yi masa sutura.
Yakan ce, tsoma zane a baba ka ba shi lokaci,
inda aka ɗaure shi da kansa zai faɗa maka.
Ni ma rini nake yi, Baba,
sai dai karofina bai kai farcen babban yatsa ba,
kuma ruwansa daga Legas yake zuwa cikin ƙanƙara,
ɗigo ɗaya kuɗin cefanen mako.

Na kira shaidu.
Na farko ɗan baki biyu ne,
ya kama launi, to amma ga kowanne ɓangare haka yake yi,
na sallame shi.
Kuladin-huɗu, wanda kan zagaye ƙwayoyin ƙarin gidan ƙwai
kamar kwalli a gefen ido,
ya shiga ya fito, bai taɓa komai ba.
Faks-takwas ya yi gum.

Sai kalretinin.
Minti talatin ina kallon agogo,
wuta ta ɗauke, ta dawo,
na wanke gilashin, na sa ido:
ruwan ƙasa ya mamaye ko'ina,
ciki da bai, kamar shayin da aka manta a kan murhu.
Na ƙarshe da rashinsa ya yi magana.
Inda ya kamata ya zauna a tsakiyar ƙwaya, wayam,
shuɗi kawai,
ga maƙwabta masu lafiya sun rinu a gefe.
Ɗaurin zanen ke nan, Baba.

Da safe Dakta Nafi'u ta zare tabarau,
ta duba, ta sake dubawa.
Tantanin ne, in ji ta. A tambaya mini, wa ya yi aikin asbesto a gidan?

Ɗanta Sagiru na kan benci tun asuba,
rasit huɗu a naɗe cikin hularsa.
Ya ce marigayi ne, shekara ashirin yana yankan silin a Sharaɗa,
yakan dawo fari fat kamar ya faɗa buhun fulawa.
Inna ce ke kakkaɓe rigar a tsakar gida
kafin ta jiƙa.
Kullum. Ba ta yarda wani ya taɓa masa kaya.

Ban ce masa komai ba, ba aikina ba ne,
kuma gilashi bai san labarin riga ba,
iya launi ya sani.

Na koma ciki na rubuta sunan cutar,
harafi bayan harafi, don kada a ba ta maganin wata.
Ban taɓa ganin fuskar Tabawa ba.
Na wanke hannu.
Shuɗin bai fita daga gefen farcena ba.
Kwalba ta ɗari huɗu da goma na jira.